Maganin tiroyid ɗina ya canza, jikina ya rikice

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a nan Damagaram, shekaruna 33, ina koyarwa a lakwal, ƴaƴana biyu. Shekara biyar ke nan da aka yi mini aikin maƙoƙo aka cire tiroyid ɗin gaba ɗaya, likita ya ce zan riƙa shan lebotiroksin mai mikrogiram 100 kullum muddin raina. Shekara huɗu ina shan iri guda lafiya lau, awon TSH ɗina bai taɓa wuce 2 ba. Bara na yi ɓarin cikin wata biyu, aka ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayar ƙarin jini. A tsakanin nan ne maganina ya yanke a farmasin da nake saye. Maigidana yana fatauci zuwa Kano, sai ya sayo mini na wani kamfani, shi ma 100, na shekara guda cur, na zuba a durowar ɗakina. Da yake sammako nake yi, sai na koma haɗa ƙwayoyin duka in kora da shayi da madara in fita. Bayan wata uku jikina ya mutu, barci kamar kasa, gashina yana zuba, ga ƙiba, ga mantuwa a gaban yara. Na yi awo, TSH ya kai 11. Ban koma wurin likita ba, na ƙara wa kaina rabin ƙwaya. Sai kuma zuciyata ta kama bugawa, hannuna yana rawa, barci ya ƙaurace mini, awo na biyu ya nuna 0,1. Yanzu wata rana in sha, wata rana in bari. Maigida ya ji haushi, ya ce magani duk ɗaya ne, raina abin da ya sayo na yi. Surukata ta ce son jiki ne, in bar maganin nasara in sha jiƙon da ta karɓo mini. Wata ƴar'uwata da ke Turai ta ce akwai na ruwa da na kafso da suka fi ƙwaya, in tura kuɗi ta aiko. Har na fara tunanin sayar da ƴan kunnena na zinari. Ina son in sake haihuwa, amma tsoro nake ji. Yaya, maganin ne bai da kyau, ko ni ce?

Ƙanwarki daga Damagaram

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, sannu kuma da rashin da kika yi bara, Allah ya mayar miki da mai albarka. Kafin komai ki ji wannan daga bakina: ba son jiki ba ne, ba kuma raini ba ne. Awon jininki biyu sun shaide ki. Mutumin da aka cire masa tiroyid ba shi da wata hanyar samun wannan sinadari sai ƙwayar da yake haɗiya, in ta yi ƙasa komai na jiki sai ya yi sanyi, tun daga bugun zuciya har tunani da tafiyar hanji. Macen da take tsayawa gaban aji da TSH 11 ta cancanci a yi mata sannu.

Na lura kin ambaci ɓarin a gurguje kin wuce, ina kuma jin nauyinsa a ƙarshen wasiƙarki. Wajen rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko daga halittar cikin kansa yake zuwa, ba abin da uwa ta ci ko ta sha. Kuma lokacin da naki ya faru maganinki bai canza ba tukuna. Kada ki ɗaura wa kanki wannan kaya.

Bari mu fara da lambobin nan, don su ke rikita mutane da yawa. TSH ba shi ne sinadarin tiroyid ba. Kira ne da wani ɗan ƙaramin ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake aikawa, kamar uwa tana ƙwala wa yaro kira ya kawo ruwa. In ruwa ya yi ƙaranci sai ta ɗaga murya, in ya wadata sai ta sassauta, in ya yi ambaliya sai ta yi tsit. To 11 ɗaga murya ce, jikinki yana cewa bai ƙoshi ba. 0,1 kuwa shiru ne, magani ya yi yawa. A yawancin ɗakunan awo ana ɗaukar tsakanin 0,4 da 4 a matsayin daidai, ke kuma shekara huɗu kina zaune a 2. Wannan tarihin naki dukiya ne, domin ya nuna jikinki yana karɓar ƙwaya ta yau da kullum sarai in an ba shi yadda ya kamata.

Abu na biyu shi ne jinkirin maganin. Mu mutanen Damagaram mun san darajar randa. Ki ɗauki jininki babbar randa ce da ake zuba mata moɗa ɗaya kowace safiya, tana kuma tsiyaya a hankali ta ƙasa. Lebotiroksin yakan ɗauki kusan kwana 7 kafin rabin abin da ke cikin jini ya ƙare. Shi ya sa in an ƙara girman moɗar ko an rage, ruwan randar ba ya tsayawa a sabon matsayi sai bayan mako 6 zuwa 8. Ƙwayar da kika sha yau ba ita za ta ba ki ƙarfin yau ba, gajiyar yau kuma labarin makonnin baya take ba ki. Duk wanda yake ƙarawa ranar da ya gaji ya rage ranar da gabansa ya faɗi, bin inuwa yake yi, randar ba za ta taɓa natsuwa ba.

Yanzu tambayarki: shin 100 na wannan kamfani da 100 na wancan ɗaya ne? Sinadarin ɗaya ne, a nan maigidanki ya yi gaskiya. Sai dai mikrogiram 100 kashi ɗaya ne cikin goma na miligiram guda, abin da ido da ƙyar zai gani. Sauran jikin ƙwayar duk kayan haɗi ne da suke riƙe ta su kuma narkar da ita a ciki, kowane kamfani kuwa da irin nasa. A Kasuwar Dole tiyar wannan da tiyar wancan duk sunansu tiya, in gero kike awo ɗan bambancin ba zai hana ki tuwo ba. Amma wannan magani a sikelin maƙerin zinari ake auna shi. Ki duba, ana yin sa a 88, da 100, da 112, wato tazarar mikrogiram 12 kacal ta isa a buga wata ƙwaya daban. Saboda haka ne hukumomin magani suka tsananta masa. Ta Amurka a 2007 ta ce dole abin da ke cikin ƙwaya ya tsaya tsakanin kashi 95 da 105 cikin ɗari na abin da aka rubuta har ranar ƙarewar wa'adinta, alhali a da ana yarda da 90 zuwa 110.

Abin da ya faru a Faransa ya isa misali. A watan Maris na 2017 kamfanin Merck ya sauya haɗin ƙwayarsa ta lebotiroksin mai suna Levothyrox, wanda kusan mutum miliyan 3 suke sha a ƙasar. Hukumar magungunan ƙasar ce ta nemi a yi gyaran don ƙwayar ta daɗe ba ta rage ƙarfi ba. Aka cire laktos, wato sukarin madara, aka sa manitol da sinadarin tsamin lemo, lebotiroksin ɗin kuwa yana nan yadda yake. Dubban mutane suka kai kukan gajiya, zubar gashi, jiri da rashin barci, har aka dawo da tsohon haɗin da sunan Euthyrox a watan Oktoba na shekarar. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Liyon ta ce kamfanin ya yi laifin rashin sanar da masu sha yadda ya kamata, ta yanke a biya kowane mai ƙara yuro 1000, babbar kotun ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 2022. Kin ga ke nan ba a Damagaram aka fara cewa magani ya canza jiki ya ji ba. Amma in na tsaya nan ban yi adalci ba. Mafi yawan masu shan maganin a Faransa sun wuce sauyin ba tare da wata damuwa ba, kuma wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2022 ya nuna cewa sauyawa daga wani kamfani mai rajista zuwa wani bai gusar da TSH na yawancin mutane ba. Abin da likitoci suke bi shi ne: a zauna kan iri guda in da hali, in dole ta sa aka canza a yi awo bayan mako 6 zuwa 8, wanda kuma jikinsa ya nuna bai son sauyi a tsayar masa da wanda ya karɓe shi.

Ga inda nake so ki natsu ki saurare ni. Da kamfani kaɗai aka canza, da wuya TSH ya tashi daga 2 zuwa 11. A wasiƙarki na ƙirga abubuwa uku da suka sauya a lokaci guda, ke kuma ɗaya kawai kika riƙe. Ni wanda na fi zargi shi ne ƙwayar ƙarin jini. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana kama lebotiroksin a cikin hanji ya riƙe shi, su fice tare ba tare da ya shiga jini ba. Haka kalsiyom yake yi, da farin ruwan nan na gyambon ciki da ake kaɗawa a sha. Tazarar awa 4 ake so tsakaninsu. Ko da ciki wayam, kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ƙwayar ne yake shiga jini, to ina ga an haɗa ta da ƙarfe an kora da madara, an bi da burodi? Madara da nono suna da kalsiyom, kafe yana rage shigarta, awara da duk abin da aka yi da waken suya su ma haka. Ba cewa na yi ki bar fura da nono ko awara ba, ki dai raba su da lokacin magani. Wata ma za ta ce miki gero yana kawo maƙoƙo. An ga hakan a Darfur ta Sudan inda mutane ke rayuwa kan gero ga ƙarancin aidin, amma wannan magana ce ta mai tiroyid a wuya. Naki an cire, ki ci tuwonki ki sha kokonki hankali kwance.

Na uku shi ne zafi. Takardar da ke cikin kwalin yawancinsu tana cewa a ajiye ƙasa da digiri 25, nesa da haske da laima. Ke kin san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu da Mayu a garin nan, lokacin da zafi ke haura 40. Lebotiroksin ba ya jure wannan, ƙarfinsa yana raguwa a hankali alhali ƙwayar tana nan fes a ido. Maganin shekara guda da ya yi tafiya a mota daga Kano, ya zo ya yi bazara a durowa, ba lallai ne kwalin ƙarshe ya kai na farko ƙarfi ba. Sannan akwai tambayar inda aka saye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko bai cika ƙarfi ba. Ban ce naki yana ciki ba. Na ce dai a duba kwalin: sunan kamfani, lambar hukumar kula da magunguna ta NAFDAC tunda daga Najeriya ya fito, lambar rukuni da ranar ƙarewa, a kuma san ko daga farmasi mai lasisi yake ko daga rumfa.

Akwai inda zan yi miki faɗa, faɗan yaya da ƙanwa. Ƙarin rabin ƙwaya ya kai ki 150, wato kin ɗora rabin abin da kike sha a tashi ɗaya, alhali likita da 12 ko 25 yake motsawa. Bugun zuciya da rawar hannun nan gargaɗi ne. Yawan wannan sinadari in ya daɗe yana rikita bugun zuciya, yana kuma cinye ƙashi a ɓoye, musamman ga mata. Sha yau a bari gobe kuma shi ne mafi muni cikin duka, domin ko an yi awo ba wanda zai iya karanta abin da lambar ke nufi. Na san abin da ya kai ki: gajiya, kuɗin ganin likita, layi, da jin cewa ba mai saurarenki a gida. Duk da haka ki daina daga yau. In kuma kika ji ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ko zuciya tana tsalle kina zaune, ko jiri har ki faɗi, kada ki jira ranar ganin likita, a kai ki babbar asibitin ƙasa a wannan ranar.

Game da na ruwa da na kafso, ƴar'uwarki ba ƙarya ta yi ba. Akwai kafso mai taushi da ruwan maganin ke ciki, kamar Tirosint na kamfanin IBSA na Suwizalan, akwai kuma na ɗigo da na kurɓa. Da yake maganin ya riga ya narke, ba ya buƙatar tsamin ciki sosai, kuma binciken da aka yi, galibi a Italiya, ya nuna kafe da karin kumallo da magungunan rage tsamin ciki irin su omefarazol ba sa tare shi kamar yadda suke tare ƙwaya. Suna da amfani na gaske ga wanda hanjinsa ba ya tsotsar magani, ko mai tsohon ciwon ciki, ko wanda aka yanke wa tumbi, ko jaririn da ba ya haɗiyar ƙwaya, ko wanda wani kayan haɗi ba ya karɓarsa. Ke ba ki nuna alamar kina cikinsu ba, shekara huɗunki a kan 2 sun wanke hanjinki daga zargi. Sannan ki yi tunanin gobe. Wannan magani ne na shekara talatin ko arba'in masu zuwa in Allah ya ba da rai. Ƴan kunne za su sayi na wata nawa? Ranar da mai kawowa bai zo ba, ko kwalin ya kwana uku a tasha cikin rana, sai ki sake komawa ƙwaya, randa ta sake kaɗawa. Maganin da ya fi miki shi ne wanda za ki samu iri ɗaya wata bayan wata a inda ƙafarki take kaiwa. Ki bar zinarinki a kunnenki. In nan gaba kin gyara komai awo ya ƙi daidaita, sai likita ya bincika cikinki, domin ƙwayar cutar gyambon ciki da wasu cututtukan hanji suna hana maganin shiga, a lokacin ne maganar na ruwa za ta taso da hujja.

Za ki kuma ci karo a Facebook da masu tallan wanda suke kira na asali, ba na kamfani ba. Busasshen tiroyid ɗin dabba ne ake niƙawa, mafi yawansa na alade, kuma yana ɗauke da T3, wato ɗaya sinadarin tiroyid ɗin mai saurin aiki, fiye da yadda jikin mutum yake fitarwa. T3 ba ya daɗewa a jini, yana hawa yana sauka a yini guda, ba a kuma ba mai neman ciki shi. Ki wuce shi.

To ga abin da nake so ki yi. Cikin makon nan ki koma wurin likitan da ke duba ki, ki tafi da tsohon kwali in yana nan, da sabon, da ƙwayar ƙarin jinin, da takardun awo biyu, har da jiƙon Hajiya surukarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki faɗa masa ranar da kika ƙara, da ranakun da kika tsallake, ba ragi. Shi zai tsayar miki da adadi, ba mamaki ya mayar da ke 100 ɗinki, tunda wanda aka cire wa tiroyid yakan buƙaci wajen mikrogiram 1,6 a kowane kilo na nauyinsa. Ku zaɓi iri guda, ki roƙe shi ya rubuta sunan kamfanin a takarda, ki ɗauki hoton kwalin a wayarki. Ki zagaya farmasi biyu ko uku na cikin gari ki ji wanne ne ba ya yanke musu, ki kuma saba da mai farmasi ɗaya har ya san fuskarki, don ya riƙa yi miki oda daga Yamai tun da sauran na wata guda a hannunki. Na wata uku ya isa saye ɗaya. Ki bar ƙwayoyin cikin katinsu, katin cikin kwali, kwalin cikin gwangwani mai murfi a ɗakin da ya fi sanyi, can ƙasa kusa da randa inda ruwa ba ya taɓawa. Ban da madafa, ban da bakin taga, ban da jakar da kike yawo da ita a rana.

Lokacin sha kuwa, Allah ya hutar da ke da agogo. Kina tashi sallar asuba ki haɗiye ta da ruwa zalla, kafin ki yi salla ki shirya yara minti 30 zuwa 60 sun wuce, sai ki karya. Ƙwayar ƙarin jini ta koma bayan azahar ko dare. In safiyar ta ƙi, akwai hanya ta biyu da ita ma take aiki: ki sha lokacin kwanciya, in dai an yi awa 3 da cin tuwon dare. Ki zaɓi ɗaya ki zauna a kai. Da azumi mutane da yawa awonsu yakan ɗan gusa saboda sahur da buɗa-baki sun matse lokaci, sai ki tashi da wuri ki sha kafin sahur da rabin awa, ko ki sha bayan tarawihi in cikin ya sauka. Daga ranar da kika fara wannan tsari ki ƙirga mako 8, kada ki taɓa komai ko da kin ji kasala a makonnin farko, sannan ki yi awo da safe, a ɗakin awon da kika saba, kafin ki sha ta ranar. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi masu biyotin ki dakatar da su kwana 2 kafin awo, suna ɓata sakamako. Idan lamba ta zauna, sai bayan wata 6, daga nan sau ɗaya a shekara. Ki sami ɗan littafi irin na ƴan ajinki ki riƙa rubuta rana, sunan magani, adadi da lambar TSH.

Maigidanki fa, ki dube shi da idon rahama. Mutum ya ga maganin matarsa ya yanke, ya cire kuɗin jarinsa ya sayo na shekara guda don kada ta sake rasa. Da kika ce maganin ne, abin da kunnensa ya ji shi ne ya cuce ki. Kada ki tayar da maganar kina cikin gajiya ko a gaban mahaifiyarsa. Ki bari ya ci ya huta, ki fara da godiya, sannan ki ce masa kin gano ke ma kin yi kuskure wajen haɗa shi da maganin jini, kuma zafin ɗaki yana rage masa ƙarfi. Da ya ji ba shi kaɗai ake tuhuma ba zai sauko. Ki roƙe shi ya raka ki wurin likita, domin abin da namiji ya ji daga bakin likita ya fi zama masa. Kuma mai yiwuwa ne likita ya duba na Kanon ya ce ingantacce ne, a ci gaba da irinsa. In haka ta kasance, fataucin maigida ya zama rahama gare ki: kamfani ɗaya, farmasi ɗaya mai lasisi, na wata uku, a cikin jakarsa ta hannu ba a bayan mota ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ciwon da za a yi shekaru ana lallaɓawa kuwa ya fi jinka nauyi.

Hajiya kuma, kalmar son jiki ta yi zafi, na sani. Amma wadda ta tashi ta je ta karɓo miki jiƙo ba maƙiyiyarki ba ce. A zamaninsu maƙoƙo kumburi ne da ake gani a wuya, tunda an cire, a ganinta ciwo ya tafi. Ba ke za ki yi musu da ita ba, ɗanta ne zai zaunar da ita ya ce mata abin da aka cire shi ke sarrafa wani sinadari da jiki ba ya rayuwa sai da shi, ƙwayar nan madadinsa ce, kamar yadda mai ciwon suga yake allurar insulin. Ba saiwa ko ganyen da zai maye gurbinta, barinta kuma kan kai mutum ga kumburi da suma, har ga rasa rai. Ki karɓi jiƙon da hannu biyu ki yi godiya, ki ce sai likita ya gani. Addu'arta kuwa ki nema kullum, wannan ba ta karo da kowane magani.

Saura maganar da na san ita ce a ƙasan zuciyarki. Mata masu shan lebotiroksin suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, su shayar, maganin ba ya cutar da ɗan tayi ko mai shan nono. Abin da nake roƙonki shi ne ku ɗan jinkirta ke da maigida, wata uku ko huɗu, har TSH ya sauko ƙasa da 2,5 ya zauna, jininki ma ya cika. In za ki yi amfani da ƙwayar tazarar haihuwa a wannan tsakani ki gaya wa likita, domin masu ɗauke da istirojin suna ƙara buƙatar maganin. Dalilin jiran shi ne, a watannin farko ɗan tayi bai fara sarrafa nasa sinadarin ba, da naki ƙwaƙwalwarsa take ginuwa, buƙatarki kuma takan ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari tun daga makonnin farko. Don haka tun yanzu ki tambayi likita abin da za ki yi ranar da kika ga ɓatan wata, ya rubuta miki a littafin nan. Da yawa sukan ce a ƙara ƙwaya biyu a mako nan take kafin a zo awo, sannan a riƙa awo duk mako 4 har tsakiyar ciki, amma nasa bakin za ki bi. A wurin awon ciki za su ba ki ƙwayar ƙarin jini kamar kowace mai ciki. Ki karɓa ki sha, sai dai wannan karon kin san tazarar awa 4, ki kuma gaya wa ungozoma tun zuwan farko cewa ba ki da tiroyid.

Bayan mako 8 ki rubuto mini lambar da ta fito, da irin maganin da kuka tsaya a kai, da yadda kuka ƙare da maigida. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ki gaida yara.